Yadda Ake Taƙaita Aljebra Ba Tare da Hawan Jini Ba

Dokokin ninkawa da ake taƙaita lissafin aljebra da su ba su da yawa. Sai dai duk uban da ɗansa na aji uku a ƙaramar sakandare ya miƙo wa jinga bayan isha'i, a Batsari ko Safana, ga shi an ɗauke wuta, ya san ƙarancin ba ya nufin sauƙi.

Ta ɗaya: sauya wuri ba ya sauya amsa. 4 × x da x × 4 duk 4x ne. Yaro kan yarda nan take. Kada a saki jiki.

Ta biyu: a fara haɗa lambobi. 3 × 5y shi ne (3 × 5)y, wato 15y. Amalanke uku, kowace da buhun rogo biyar: yaron da ya taɓa leƙa kasuwar Batsari zai ce sha biyar kafin a rufe baki. A sa masa y a gurbin rogon, sai ya kama kallon rufin ɗaki.

Ta uku ita ce rarrabawa, kuma nan ake yin ta. Lambar da ke wajen baka tamkar mai mata biyu take, kowane ɗaki sai ta shiga: 3(x + 4) = 3x + 12. Ɗalibi kuwa 3x + 4 yake rubutawa, ya tare gun amarya ya manta da uwargida. In alamar ɗebewa ta shigo, abin ya ƙazance. −2(x − 3) ya zama −2x + 6, yaro ya ce, "Baba, ina aka samo tarawa?" Hujjar tana nan: a sa 3 a gurbin x, −2x ya zama −6, alhali −2(3 − 3) sifili ne, ke nan −6 na buƙatar +6 ya share shi. Amma da ƙarfe goma na dare, tocila a haƙora, sauro na shagali, amsar da ke fitowa ita ce, "Haka malam ya ce, rubuta!" Al-Khwarizmi da ya rubuta littafin wannan fanni a Bagadaza wajen shekarar 820, da kalmomi zalla ya yi bayaninsa, ba x ba baka. Allah ya jiƙan maza.

Ta biyar, ko ta huɗu ce: 2x + 3y ba 5xy ba ne, ko sau nawa za a faɗa, don Allah!

Saura 1 da 0. Ninkawa da 1 ba ya taɓa komai. Ninkawa da 0 kuwa na shafe komai, har 0(7x − 9) ya koma 0. Irin wannan tambayar malamai ba sa ba da ita a jinga.