Manoman Google na Arewacin Kano da Ire-irensu

Neman kuɗi da shafin intanet sana'a ce mai hawa biyu. Na farko, shafin mutum ya fito a sahun gaba idan an yi bincike a Google. Na biyu, ya zauna a wurin har talla ta tara masa dala 100, mafi ƙarancin abin da AdSense, wato tsarin tallar Google, ke biya ke nan. Hawa na farko sa'a kan kai mutum. Na biyu shi ya raba masu sana'ar gida-gida.

A karkarar arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa, Bichi, Makoɗa da Ɗambatta, sana'ar ta samu 'ya'ya saboda dalilin da kowa ya sani. Nan ƙasa ce da gona ba ta hutawa. Jama'a sun yi yawa, rabon gado ya yayyanka filaye, abin da ya riƙe ƙasar kuwa, kamar yadda masanin nan Michael Mortimore ya nuna tun shekarun 1960, taki ne da toka da hannun da ba ya ajiye fartanya. Saurayin da kasonsa bai wuce kunya goma sha biyu ba dole ya nemi wata gonar. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta yi ta hawa har ta haura naira 1,500 a farkon 2024, sai dala 100 ta zama kuɗin da ake shiga kasuwar Ɗambatta da shi a fito riƙe da igiyar akuya. Daga nan manoman Google suka ƙaru, halayensu kuma suka fito fili.

Wanda ake fara cin karo da shi a bakin ƙofa shi ne mai Turancin aro. Hausa ba ta cikin jerin harsunan da AdSense ta amince a ɗora musu talla, alhali ga Larabci ga Hindi ga Urdu a ciki. Don haka yakan cika shafinsa da Turanci har a karɓe shi, sannan ya juya harshe a hankali, yana addu'ar kada a waiwayo. Wani ma ba ya juyawa. Ya ji an ce tallar inshora da ta lauyoyi ta fi tsada a Amurka, shi ke nan, yana zaune a gindin gawo a bayan Makoɗa yana ba mutanen Tekzas shawara kan inshorar mota, shi da abin hawan da ya taɓa riƙewa keken babansa ne.

Bayansa sai mai jiran wasiƙa. Idan kuɗi ya kai dala 10, Google kan aiko da lambar tabbatar da adireshi a takarda, ta gidan waya, tana kuma ba da wata huɗu kafin ta tsayar da talla. Adireshin da bawan Allah ya rubuta shi ne bayan masallacin Juma'a, daura da tsamiya. A cikin sa'o'insa shi kaɗai ya san inda gidan waya yake, ma'aikatan wurin kuma sun san shi har suna tambayar sa lafiyar mutanen gida.

Ɗan kwafi ba ya buƙatar dogon bayani. Yana ɗauko labarin BBC Hausa ko na Aminiya ɗungurungum, har da inda aka ce wakilinmu ya ziyarci wurin, idan kuma wani ya kwafa daga wurinsa shi ne mai fara jan Allah ya isa. Maƙwabcinsa, mai kanun tashin hankali, jarinsa kalmomi uku ne: innalillahi, yanzu-yanzu, tirƙashi. Ya kashe jaruman Kannywood da dama, wasu har sau biyu, kuma duk suna nan da ransu. Sai an shiga ciki a tarar ashe a fim ne aka yi mutuwar.

Mai jera kalmomi an taɓa gaya masa cewa Google na son ta ga kalmar da mutane ke nema, shi kuma bai tambayi adadi ba. Yakan rubuta "farashin masara a kasuwar Dawanau" sau goma sha ɗaya a rubutu guda, a kai a gindi, ya gama bai faɗi farashin ba. Shi ne kuma ya gano cewa masu bincike ba sa sa ƙugiya a haruffa, sai ya bi ƙ da ɗ da ɓ ya tsige musu ita. A shafinsa ba a gane ko an yi faɗa ne ko an je fada, shugaban ƙasa kuwa ya koma shugaban kasa, wato maciji.

'Yan gayya su ne suka ɗauki kyakkyawar al'adar taimakon juna a gona suka kai ta inda ba a gayyace ta ba. Ƙa'idarsu danna min in danna maka: kowa ya shiga shafin ɗan'uwansa ya danna talla, gobe a rama masa. Abin da suka manta shi ne Google na iya gane waya ashirin da ke kwana a shagon caji ɗaya suna tashi tare. Takan rufe asusun ta riƙe abin da aka tara, su kuma su ce hassada ce ta wani ɗan gari. A ƙarshen 2023 ma kamfanin ya sanar cewa daga farkon 2024 biyan zai koma bisa yawan ganin talla maimakon dannawa, amma labarin bai kai ga wasunsu ba, suna nan suna dannawa.

Duk waɗannan almajirai ne. Babbansu, wanda ya cancanci a shimfiɗa masa buzu, shi ne malamin Google. Ana samun sa a bencin mai shayi na bakin tasha, waya biyu a gabansa, ɗaya fuskarta a fashe, ɗaya ba caji. Yana maganar Google kamar wani sarki da ya saba shiga fadarsa ba sallama: jiya ta yi fushi, bana ta fi son dogon rubutu, wannan watan kada wanda ya taɓa kanun labarinsa. Sauye-sauyen da kamfanin ke yi wa tsarin bincike, waɗanda yake kira afdet, ya haddace su yadda tsofaffi suka haddace yunwar Kakalaba da farin 1973. Zai ba da labarin Panda ta 2011 da ta kwashe shafuka marasa nauyi, da Penguin ta 2012 da ta hukunta masu sayen mahaɗai daga wasu shafuka, yana girgiza kai kamar a gonarsa suka sauka, alhali a shekarun yana firamare. Na watan Agustan 2022, wanda aka ce zai fifita rubutu mai amfanar mutane, shi ne ya fi ba shi haushi, kuma bai taɓa bayyana dalili ba.

Iliminsa ba ya faɗuwa, domin ya yi masa ƙofa biyu. Idan shafin ɗalibi ya hau, dabarar malam ce. Idan ya faɗi, afdet ne, kuma ai malam ya faɗa, sai dai ba a saurara ba. Ajinsa a WhatsApp yake, da rangwame na musamman ga mutum ashirin na farko, gurbin da shekara biyu ke nan bai cika ba. Darasi saƙon murya ne na minti bakwai, huɗu daga ciki gaisuwa da godiya ga Allah, biyu kashedi kan 'yan damfara da ke sayar da ilimin bogi, ɗaya kuma alkawarin cewa asalin sirrin yana aji na biyu. Shaidarsa hoton fuskar waya ne da ke nuna dala dubu da wani abu. Hoton ya yi yawo: an gan shi a hannun wani malamin a Zariya, an gan shi a Katsina, ko'ina da cajin batir iri ɗaya da ƙarfe ɗaya na rana. Yakan sayar wa ɗalibai mahaɗai ɗari a kan farashi mai sauƙi, wato ainihin abin da ya gama bayani da bakinsa cewa Penguin ta zo kashewa. Ɗalibi ya dawo da kuka, sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba ɗan'uwa, ai gaggawa ka yi. Ita Google 'yar lallashi ce." Shafin malam na kansa kuwa ko da cikakken sunansa aka nema ba ya fitowa, ya ce da gangan ya ɓoye shi saboda masu kwafa. Idan an tashi, ɗalibi ne ke biyan kuɗin shayi. An san wani, wanda ba shi da nisa ko kaɗan da mai wannan rubutu, da ya sayar da rabin buhun gyaɗa ya shiga aji na farko, ya sake sayar da sauran rabin ya shiga na biyu, ya fito da sirri guda: a dage. Duk da haka malamin ba mugu ba ne can-can. Ya yarda da abin da yake faɗa, kuma ba a taɓa zama da shi an yi hamma ba.

Mai duba shi ne ɗalibin da ya kammala. Sau hamsin a yini yake leƙa adadin masu ziyara, a masallaci ma wayar na hannun riga. Ya ga mutum uku a shafin sai ya gyara zama, alhali ɗaya shi ne, ɗaya ƙaninsa da ya ba aron waya. Wannan rukuni ma ba sai an je nesa neman misalinsa ba.

Tun da ChatGPT ta fito a watan Nuwamban 2022 aka samu mai na'ura, wanda ke zuba rubutu talatin kafin azahar bai karanta ko ɗaya ba. Hausarsa riga ce a jikin Bature, kowace jimla ana jin takun takalmi a ƙarƙashinta. A watan Maris na 2024 Google ta fito da doka a kan rubutun da ake zubawa buhu-buhu don neman matsayi kawai, shafuka da yawa suka wayi gari kamar an bi su da tsintsiya. Shi dai ya buɗe wani washegari.

Akwai ɗaya da raha ba ta kamace shi ba, shi ne mai tallafin ƙarya. Ya lura cewa babu abin da talakan karkara ke nema a waya kamar ɗaukar aiki da tallafin gwamnati, sai ya mai da yunwar mutane taki. Yana raɓewa da shirye-shirye na gaskiya, irin su N-Power da aka fara a 2016 ko tallafin naira 25,000 a wata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a watan Oktoban 2023, ya rubuta cewa an sake buɗewa, za a rufe gobe, a cike yanzu. Shafi na kai mutum wani shafin, wannan ya kai shi wani, ko'ina talla, a ƙarshe a ce sai ya tura wa zaurukan WhatsApp biyar kafin sunansa ya shiga. Mai biyan wannan wasa ita ce matar da mijinta ya rasu ya bar mata yara, wadda ta sayar da kaza ta hau babur zuwa gari, ta biya yaron shago ya cike mata, ta miƙa lambar BVN da ta NIN, ta koma gida tana jiran alat har damina ta wuce. In ta yi sa'a, kuɗin kaza kawai ta rasa. In ba ta yi ba, lambobinta na hannun wanda ba ta sani ba. Ranar da aka buɗe na gaskiya kuma rabin gari sun riga sun daina yarda. Shi ya san duk wannan, domin matar 'yar unguwarsu ce, yana gaishe ta da safe yana ce mata Inna. Wanda ya saci zangarniya a gonar maraya a da akan zaga gari da shi, wannan kuwa sabon babur yake hawa ana yi masa barka.

Ɗan ci-rani ya fi kowa kama da mutanen yankin. Daga an gama girbi yake buɗe shafinsa, kuma abin da yake rubutawa na da amfani: nawa ake sayar da gero da wake da riɗi a Dawanau, yaushe 'yan noman rani na madatsar Watari ko ta Tomas ke dashen tumatir, wane magani ke kashe tsutsar masara. Zuwa watan Afrilu shafin ya fara hawa. Ruwan farko na sauka, Baba ya ce a fito, sai waya ta koma aljihu, fartanya ta dawo hannu. Wata huɗu babu sabon rubutu, farashin da ke shafin ya tsufa, ɗan kwafi ya kwashe na da ya hau kansa. Gonar gida ba ta san hutu ba, ta intanet ce ke zama saura kowace damina. Da kaka ya dawo ya fara daga inda ya fara bara, mahaifinsa na tambayar sa, "Wai ita wannan gonar taka ta waya, buhu nawa ta ba ka bana?"

Rukuni na ƙarshe ba shi da shafi, bai taɓa jin sunan Panda ba, shi ne mai shagon caji da sayar da data, wanda sau da yawa shi ne kuma mai POS. Da janaretonsa ko farantin sola a kan rufi, duk waɗanda aka ambata a sama sai sun biyo ta wurinsa da safe su sake biyowa da yamma. Wanda shafinsa ya hau zai sayi data ya ƙara rubutu, wanda nasa ya faɗi zai sayi data ya binciki dalili. Da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, ya goge tsohon farashi a jikin ƙofa ya rubuta sabo da alli. Idan dala 100 ɗin ta samu ta iso, a wurinsa ake cire ta, ya zare ladansa, ya kuma buɗe littafin bashi ya cire na cajin wata uku.