Nasiha ga Mai Nema wa Murjani Mazauni

Duk wanda ya saba ganin murjani a wuyan amarya, ko ya ji ambatonsa tare da lu'ulu'u a cikin Suratur Rahman, ko kuwa Allah ya kai shi Jidda ko Sawakin ya ga tsofaffin gidajen da aka gina da dutsensa, da wuya ya gaskata farat ɗaya idan aka ce masa wannan halitta dabba ce mai rai, mai ci, mai fushi, wadda a yau mutanen Amurka da Jamus da Japan ke kiwonta cikin akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, suna yankar reshenta suna dasawa kamar yadda manomi ke dasa rogo. Shi wannan ɗan reshe, wanda galibi bai fi gaɓar yatsa ba, tilas a nema masa mazauni, wato ɗan faifai mai faɗin kwabo, wani da ƙafa guda a ƙarƙashinsa kamar laima, wani kuwa shimfiɗaɗɗe. A kan zaɓen wannan kujera nake nufin yi wa ɗan'uwa nasiha, domin abin yana damuna ƙwarai in ga an zuba dukiya a kan fitila da injin kaɗa ruwa, sa'an nan a zaunar da baƙon a kan abin da hannu ya tarar.

Sharaɗi na farko shi ne sanin ɗabi'ar baƙo. Akwai mai rassa kamar ƙahon barewa, wanda masana ke kira Akurofora. Shi basarake ne, ba ya kishingiɗa a gaban jama'a, saboda haka a ba shi ƙaramin mazauni mai ƙafa, a soka ƙafar cikin ragar roba mai ramuka, ya tsaya ƙyam yana fuskantar haske. Akwai kuma jinsin Mantifora mai malala, wanda halinsa halin attajiri ne mai babbar riga, in ya zauna sai ya baza hannun riga hagu da dama, kuma idan aka ba shi ƙaramin faifai, kafin a ankara ya gangara gefe ya riƙe ragar da kanta, ba ya ɓamɓaruwa sai an ji masa rauni; wannan sai faifai mai faɗi.

Amma inda haƙurin mai kiwo ke fuskantar jarrabawa shi ne wajen masu taushin jiki, waɗanda ba su da ƙashin dutse. Ka shafa gam, ka danna, ka yi hamdala, ka kwanta. Da asuba ka tarar ya fitar da yauƙi kamar miyar kuɓewa, ya sulale, ya tafi yawonsa bayan duwatsu. Irin wannan baƙo lallashi yake so. A ɗaure shi sako-sako da robar ɗaure kuɗi, ko a soke shi da tsinken sakace, ko kuwa, wanda na fi so, a zuba tsakuwar murjani cikin ƙaramin kofi, a ajiye shi a kai, a rufe da raga, a ba shi mako biyu ya zaɓi dutsen da ransa ya kwanta da shi.

Game da abin da ake yin mazaunin da shi, hukuncina a taƙaice yake. Na tangaran ɗauraya kawai yake bukata. Na siminti, wanda ake kwaɓawa da yashin teku, yana da araha da nauyi da kaushin da murjani ke son kamawa, illa dai sabonsa yana sakin wani kaifi irin na kanwa, wanda ke ɓata ruwa, don haka wajibi ne a jiƙa shi cikin ruwan daɗi wata guda ko fiye, ana sauya ruwan. Na roba kuwa ba shi da nauyi, alhali a cikin akwatin akwai dodon koɗi da ƙaguwa, ma'aikata masu himma waɗanda ba su san girman baƙo ba, da dare sukan ture shi ya faɗi rub da ciki cikin yashi.

Idan an zo mannawa, a tsane gindin reshen da tsumma, a ɗiga gam mai kauri, irin mai kamawa nan take, gwargwadon ƙwayar wake, a danna a riƙe kamar rabin minti, sa'an nan a mayar da shi ruwa mai gishirin giram 35 a kowace lita da ɗumin digiri 25 zuwa 26.

Idan kuma sayo reshen aka yi, a raba shi da kujerar da ya zo a kanta matuƙar zai yiwu, domin ƙarƙashinta ne ƙwan tsutsotsi da gansakuka ke ɓuya su shigo gida ba sallama. Kuma ya ɗan'uwa, jinsin nan masu kama da furanni da ake kira zowantid, waɗansunsu suna ɗauke da dafin falitoksin, wanda ya sha kwantar da mutane a asibiti. Don Allah kada ka yanka su sai da safar hannu da tabarau, kada kuma ka tafasa dutsen da suka zauna a kansa.