Kaurin Bel, Kaurin Suna

Akwai wani tsohon baduku a Kankia da nake zama a rumfarsa bayan la'asar. Da kube da gafaka da layu ya yi suna, sai ga wani ciniki ya zo ya same shi har inda yake zaune. Samarin da ke ɗaga ƙarfe ne suka fara sallama, kowa da hoto a waya, wai a yanka musu kirgi a ɗinka musu faffaɗan bel irin wanda ƙartin Turai ke ɗaurawa. Tsoho ya duba hoton, ya ce ai wannan majayin sirdi ne aka ɗaura wa mutum. Ya karɓi aikin duk da haka, don ba a korar kuɗi. Ni kuwa na samu abin kallo, domin na lura yadda mutum ke zaɓen bel yana tona halinsa fiye da zaman wata guda da shi.

Wanda ya fi yawa shi ne Sarkin Kauri. Ya ji an ce ƙungiyar wasan ta duniya, IPF, wadda aka kafa a 1972, ba ta yarda bel ya wuce milimita 13 a kauri da santimita 10 a faɗi ba. Ita iyaka ta gindaya, shi kuwa ya ɗauka nan ne mafari.

“Baba, sha uku nike so. In da hali ma a ƙara.”

“Ɗana, kilo nawa kake ɗagawa?”

Sai ya kawar da kai ya ce yana dai hawa. Ƙarfen nasa kuwa na san shi: bututun famfo ne da aka zuba wa siminti a gwangwanin fenti biyu, duka-duka bai kai buhun siminti guda ba, shi ma kilo 50 ne. Bel mai milimita 13 an yi shi ne don manyan ƙarti masu tsugunawa da kilo ɗari biyu ko uku a kafaɗa. Sabonsa kamar katako yake, sai an yi makonni ana sawa, ana naɗewa ana warwarewa, kafin ya san jikin mai shi. Mai milimita 10 ya ishi mafi yawan mutane har tsufansu, kuma ya fi saurin laushi. Amma faɗa wa Sarkin Kauri haka kamar ka ce masa ya je zance da takalmin roba ne. Bayan mako guda na gan shi a masallaci yana ruku'u a hankali kamar mai ɗauke da tulu a ka. Haƙarƙarinsa duk ya yi tabo. Na tambaye shi, ya ce alamar bel na aiki ke nan.

Abokin gabarsa shi ne Mai Liba. Shi ya wuce matakin baduku, nasa daga Kano aka kawo, mai wani ƙarfe a gaba da ake dannawa ya kulle, a ɓalle shi da yatsa ɗaya ya saki. Gaskiya abin yana da daɗin aiki: in ka gama ɗagawa numfashi na neman ƙwace maka, ɓas ɗaya ka huta. Sai dai Mai Liba don ƙarar ya saya. Yakan jira sai wuri ya yi tsit sannan ya ɓalle ta, ya waiga ya ga wa ya ji. Abin da mai kanti bai gaya masa ba shi ne, yawancin irin wannan bel da noti biyu ake kafe libar a rami ɗaya, in cikinka ya ƙaru ko ya ragu sai ka nemo sukundireba ka kwance ka matsar. To ciki kuwa a ƙasar nan ba ya zama wuri ɗaya. Goman ƙarshe na azumi bel na yawo a ƙugunsa kamar zoben aro. Kwana uku bayan layya kuma mutum biyu suka taru a kan libar nan ta ƙi kulluwa. Yanzu a aljihun gaba yake yawo da sukundireba, har wasu 'yan acaɓa sun ɗauka gyaran babur ya koma.

Mai Harshe Biyu ba shi da dogon labari, domin rabin lokacinsa a kokawa da kan bel yake ƙarewa. Ya yi lissafin cewa biyu ta fi ɗaya. A kirgi mai tauri kuwa, in ka samu harshe ɗaya ya shiga rami, ɗayan sai ya zame. Mai harshe ɗaya yana riƙewa daidai da shi, ya kuma gama nasa ya sha ruwa alhali wannan na jingine da bishiyar darbejiya yana ja yana nishi.

Sai Ɗan Gwanjo, wanda ni shi na fi tausayawa, don da kuɗin guminsa ya je Ƙofar Wambai a Kano ya tono bel daga ƙasan dila. Irin mai faɗi ne a baya kamar faifai, siriri a gaba, har da soso a ciki. Yana shafa bayan yana cewa nan ne maganin ciwon baya. A nan ne wani ɗalibin makarantar koyon aikin lafiya ta Kankia, wanda samarin ke kira Likita, ya sa baki, kuma duk surutun da ake yi a rumfar nan shi kaɗai ya faɗi abin da ya dace a rubuta. Ya ce bel ba tallabar baya yake yi kamar yadda ake ɗaure karaya da kara ba. Bango ne ake gina wa ciki. Mai ɗagawa zai ja numfashi ya cika tumbinsa, ya riƙe, ya tura cikin waje ta gaba da gefe da baya. Bel ya tare, iskar da ke ciki ta matsu, gangar jiki ta sandare, kashin baya ya samu abin jingina daga ciki. Ya ce a duba buhun masara: cikakke da aka ɗinke bakinsa yana tsayuwa da kansa, wanda aka ɗebi rabi kuwa sai ya langaɓe. Shi ya sa bel ɗin masu gasar nan faɗinsa ɗaya ne tun daga cibiya har gadon baya, domin gaban ma aiki yake yi. Ya ƙara da cewa riƙe numfashi haka yana ɗaga bugun jini na ɗan lokaci, don haka mai hawan jini ko mai gwaiwa ya fara ganin likita na gaske.

Aka yi shiru. Ɗan Gwanjo ya juya bel ɗinsa, faɗin ya koma gaba, ya ce shi ke nan an gyara. Likita kuwa, in ban da biro, ban taɓa ganin ya ɗaga komai ba.

Akwai kuma Mai Ƙarangiya, mai bel na yadi da ake mannawa, in za a cire ya yi ƙara kamar an yage zani. Sunan da samari suka sa masa ya faɗa daidai ba su sani ba, domin wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, daga irin ƙayar da ta maƙale a jikin karensa a 1941 ya samo dabarar abin. Bel ne mai sauƙi, mai arha, ya dace da mai tsalle-tsalle da ƙaramin nauyi. Aibinsa ɗaya: in ya tsufa, ƙurar hunturu da zaren riga suka cika haƙoransa, yakan saki mai shi a daidai lokacin da ake bukatarsa. Na ga haka da idona. Yaro ya tsuguna har ƙasa, bel ya ce ga garinku, shi kuma ya zauna daɓas.

Wanda ya fi ba tsohon baduku dariya shi ne Gajere. Daga wajen Yashe yake zuwa a kan babur, kakkaura, tsakanin haƙarƙarinsa da ƙashin ƙugu bai fi faɗin yatsu uku ba. Ya dage sai mai santimita 10, don shi ne na gasa. Da ya sunkuya zai cira ƙarfe daga ƙasa, bel ya soke shi sama ya soke shi ƙasa, ya kasa kai hannu. Masu irin jikinsa mai inci uku suke nema, wajen santimita bakwai da rabi, kuma ba dokar da ta hana. Tsoho ya ce a kawo ya rage masa. Gajere ya rungume abinsa ya ce ai sai a ce na mata ya sa.

A nan na kasa yin shiru. Na ce masa ya san Folashade Oluwafemiayo? 'Yar Najeriya ce, a gasar nakasassu ta Faris a 2024 ta kwanta a benci ta tura kilo 167 da hannu biyu, ta ci zinare ta kafa tarihi. A gasar nakasassu ta Landan a 2012 zinare shida Najeriya ta kwaso, dukansu daga wannan wasa, ciki har da na Yakubu Adesokan, wanda nauyin jikinsa bai wuce kilo 48 ba amma ya tura 180. Gajere ya yi lissafi da yatsu, ya ga buhun siminti uku da ɗori ke nan, ya ce to a rage, amma kar a faɗa wa kowa.

Ba zan tsallake Mai Guru ba. Shi bai damu da milimita ba, tambayarsa ɗaya ce: tsakanin fallen kirgi biyu akwai wurin da za a cusa laya? Kakansa ɗan kokawa ne, ya gaji guru da kambu, yana ganin Bature ma ba banza ya ɗaura fata a ƙugu ba, akwai dai abin da ya ɓoye a ciki. Baduku bai yi gardama ba, tunda aikin ya dawo fagen da ya fi ƙwarewa. Ranar gwaji aka ɗora masa nauyin da bai taɓa ɗauka ba, ya ja, ƙarfe ya ƙi motsi. Ya ce wani ya tsallake bel ɗin da safe.

Na Ado kuma bel ba ya barin ƙugunsa. Da shi yake zuwa shan shayi, da shi yake kallon ƙwallo, da shi na gan shi a ɗaurin aure a Kusada, ƙarƙashin babbar riga, yana numfashi sama-sama kamar kazar da aka kawo daga kasuwar Charanchi a cikin buhu. Masu abin sai za su ɗauki babban nauyi suke matse shi, da sun ajiye su sassauta. Shi kuwa ya gano yana rage tumbi a hoto. Da aka kawo tuwo loma huɗu ya yi ya tsame hannu, mutane suka yi ta yaba kawaicinsa.

Duk wannan hidima a gaban wani ɗan dako ake yin ta, wanda ke hutawa a inuwar rumfar idan motar hatsi ta tashi. Tun yana saurayi yake sungumar buhun masara mai kilo wajen ɗari ya hau katako da shi zuwa cikin mota, kuma ɗamararsa tsohon rawani ce da yake naɗawa sau biyu ya ƙulle a gefe. Na taɓa tambayarsa amfaninta. Ya ce in ya cika cikinsa da iska yana so ya ji abin da zai tokare. Likita ya kusa faɗowa daga benci don murna. Sarkin Kauri kuwa ya ce ai wannan dako ne, ba wasanni ba.

Da damina ta faɗi samarin suka watse gona, rumfa ta koma ta kube da layu. Ran nan ina kan hanyar Rimaye na ci karo da amalanken shanu ta ɗauko taki. Na ga wata faffaɗar fata mai kauri an ɗaure karkiya da ita, na ce wa yaron ya tsaya. Ɗinkin tsohonmu ne, na gane zaren. Yaron ya ce na yayansa ne, ya bar shi rataye a ƙusa tun kafin shuka, Baba ya ce a kawo a yi amfani da shi.

Na taɓa shi. Ya yi laushi lumus.