Yadda za ka koya wa yara zaizayar ƙasa ba tare da kai ka zaizaye ba

Ba sai na ce ka nemo yashi ba. Duk mai karantarwa tsakanin Mafara, Bakura da Maradun ya san yashi da kansa yake zuwa aji, ta tagar da babu marfi.

Na ɗaya, yadda dutse ke rududdugewa. Littafi ya ce rana da sanyi da ruwa ne ke cinsa a hankali har ya koma tsakuwa. Dabarar ita ce a jefa abu mai tauri a gwangwani, yara su yi ta girgizawa har ya dagargaje. Sa hoge ko marmara. Kada ka sa ƙuli-ƙuli. Kafin gwangwanin ya kai benci na uku dutsen ya ɓace, wani kuma zai dube ka, leɓensa duk gari, ya ce, "Malam, iska ta ɗauke shi." Ba shi maki kawai, ya riga ka shiga darasi na gaba.

Na biyu, tara ƙasa tsibi biyu, ɗaya tsirara, ɗaya lulluɓe da ciyawa, a kwarara musu ruwa da buta a ga wanda zai fi zubewa. Wane ruwa? Tambayar ke nan. Tun 1978 aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, aka tsara ta shayar da hekta 23,000 na gonaki, shinkafarta na kaiwa kasuwanni masu nisa, amma famfon makarantarmu in ka buga shi sai tari yake yi kamar tsohon da ya shaƙi taba. Ka tura yara biyu ɗebo ruwa, goma su bi su, uku su dawo, jarkar kuma rabi. Kafin nan akuyar maƙwabta ta cinye ciyawar, tsibi biyun sun zama tsirara. Butar ma ta ladan ce, yana son abarsa kafin azahar.

Na uku ko na huɗu, oho. Zuba ƙasa da ruwa a kwalba, girgiza, ajiye. Tsakuwa za ta fara kwantawa, sai yashi, laka a ƙarshe, domin ruwa in ya rage gudu sai ya sauke abin da ya ɗauko, mai nauyi tukuna. Haka lakar da a da ambaliya ke shimfiɗa wa fadama take taruwa yanzu a bayan madatsar. Kana cikin zuba bayani ɗan manomi zai katse ka: "Malam, ai ita babanmu ka yashewa cikin kanal." Ka yi shiru, ya fi ka sani.

Maganar iyayen da za su zo da yunifom mai taɓo a hannu, wannan ka ji da ita, ni ban da shawara.

Abin da ke ci mini rai shi ne duk wannan wasan yara muke yi da kwalba, alhali kwazazzabo na nan bayan aji shida, kowace damina sai ya matso, har ya fara tone gindin bango. An rubuta takarda, an sake rubutawa. Masu duba makarantu sun zo, suka tsallake shi da takalmansu masu sheƙi, suka tambaye ni dalilin da ban ja layi a ƙarƙashin kwanan wata ba a littafin shirya darasi.

Don Allah mai tsofaffin buhunan siminti ko na taki ya aiko mana kafin ruwan farko. Yashin cikawa muna da shi, yara ma ga su nan.