Zuwa ga Taubashina, Sabon Mai Kare

Manchesta, Ingila.

Bawana,

Ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya ƙafar Gwaggo? Ya aikin shinkafa? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da bai san rani ba. Kafin mu shiga magana, ka sani kuɗin sharata na bara har yau ban gani ba, ga na bana ya kawo jiki. Kada ka fake da nisa, yanzu ta waya ake turawa.

Labari ya iso ni, kuma ba daga bakinka ba, don na san kunya ba za ta bar ka ba. Gwaggo ce ta sa aka ɗauki muryarta aka turo min ta WhatsApp, tana dariya har da tari. Wai kai ne ka yi kare! Kai da ka bar takalmi ɗaya a Riruwai ranar da muka je biki, saboda wata tsohuwar karya da ko haƙoran kirki ba ta da su ta ɗaga kai ta dube ka. Daga kan rumbun mutane aka lallaso ka ka sauko, kana rantsuwa kura ce. Yau ga shi kai ne uban gidan kare, har da raɗa masa suna Ƙyale-su. Na san da maƙwabta kake, su ma sun sani.

Ban ga laifinka ba a kan dalilin. Wanda aka kwance wa awaki cikin dare ba a yi masa wa'azin barci. Malam ma ya karantar da mu tun muna zaure cewa shari'a ta yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona. Gwaggo ta ce wurin wani maharbi na wajen Falgore ka karɓo shi yana ɗan kwikwiyo, ka ba da shinkafa tukuici, ka saƙo shi a buhu a bayan babur. Lokacin ɗanka Auta yana ciki. Abin da ba ka lissafa ba shi ne kwikwiyo yana girma, ciki ma ana haihuwarsa, kuma wata rana su biyun za su haɗu a tsakar gida ɗaya, ɗaya yana rarrafe, ɗaya yana gadin kwanonsa.

To sun haɗu. An ce an zuba wa Ƙyale-su ƙanzon tuwo a gindin turmi, Auta ya rarrafo ya tsoma hannu, kare ya ƙame, ya yage leɓe ya yi gurnani. Uwargida ta saki ludayi ta suri ɗanta, ta ce ko ita ko kare. Kai kuma, jarumin Riruwai, an ce daga bakin zaure ka tsaya kana ba da umarni.

Nan wasa ya tsaya tukuna. Uwargida ta fi ka gaskiya, ka gaya mata ni na ce. Amma shawarar da aka ce ka yanke ba ta yi ba ko kaɗan: wai ko ka sayar wa masu sayen karnukan nan da ke bi ƙauye-ƙauye suna lodawa zuwa kasuwar Dawaki ta Jihar Filato, ko ka ɗauke shi a babur ka sake shi can hanyar Tiga ka juyo. Ka san abin da ake yi da kare a Dawaki, ba gadi ake kai shi ba. Dabbar da ta kwana tana haushi kai kana minshari, ba haka ake sallamarta ba. Sakinsa a hanya kuwa ya fi muni. Karen da ya saba da hannu, in yunwa ta kama shi, gidajen mutane zai nufa. Ka raba shi da ɗanka ka aika shi wurin 'ya'yan mutanen Bebeji, ba wanda ya san halinsa, ba wanda ya san ko an taɓa yi masa allura. Su ma iyaye gare su.

Bari in ba ka labarin maƙwabtana, don irin naka ne sak. Mata da miji ne, ba su daɗe da aure ba. A 2020, lokacin kullen korona, mutanen ƙasar nan suka yi rububin sayen 'yan kwikwiyo saboda zaman gida ya ishe su, su ma suka sayi nasu. Aka buɗe gari, kowa ya koma aiki, daga baya Allah Ya ba su 'ya mace. Da yarinyar ta fara rarrafe sai karen ya sauya. In ta nufo shi sai ya kau da kai, ya yi ta lasar baki, ya yi hamma ba barci yake ji ba, ya tashi ya koma ƙarƙashin tebur. Ita kuma ta bi shi, don a wurinta wasa ne. Wata rana ta kama masa kunne, ya kai cafka a iska, dab da kumatunta. Bai taɓa ta ba. Uwar ba ta jira karo na biyu ba.

Na taimaka musu da ɗaukar kaya ranar da za su miƙa shi gidan karɓar karnuka, shi ya sa na ga abin da idona. Matar ta haɗa bargonsa, da kwanonsa, da katin allurarsa, ta zauna ta cika takarda shafi-shafi. Me yake tsoro? Ya taɓa cizo? Yana yarda a taɓa shi yana cin abinci? Ta rubuta maganar kunnen nan ba ta rage komai ba, tana rubutu tana share hawaye. Na ce mata wannan ai zai sa a ƙi ɗaukarsa. Ta ce gara a ƙi shi da a kai shi gidan da ke da jariri. Maganar nan ta zauna min, kuma ita ce dalilin wannan doguwar wasiƙa.

Za ka yi dariya in ka ga yadda ake neman kare a irin waɗannan gidaje. Wallahi tambayar da aka yi maka ranar neman auren uwargida ba ta kai rabi ba, shi ya sa ma aka ba ka. Yaranka nawa, shekarunsu nawa? Gidanka da shinge? Awa nawa zai zauna shi kaɗai? Wani lokaci har gida ake zuwa a duba. A jikin ɗakin kowane kare an rubuta ko zai iya zama da ƙananan yara, ko sai waɗanda suka tasa, ko sai gidan manya zalla. In an ba ka kuma zama bai yi daɗi ba, su za ka mayar wa, ba titi ba. Abin ya daɗe a wurinsu: gidan Battersea na Landan tun 1860 aka kafa shi. Daga 2016 kuma doka ta wajabta a dasa wa kowane kare wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, girmanta kamar ƙwayar shinkafarka, wadda in an haska ta take nuna lambar da za a gano mai shi. Wanda ya ƙi, tara har fam 500. Da a nan ne ka saki Ƙyale-su a hanyar Tiga, kafin ka iso gida an riga ka da sallama.

Kada ka ɗauka komai nasu daidai ne. Wasu sun mayar da kare ɗa, yana kwana gado ɗaya da jariri, ana ɗaukar hoto ana yaɗawa, sai abu ya faru a ce ai bai taɓa yi ba. Akwai wani ƙaton kare da ake kira XL Bully da ya hallaka mutane, har da yara, sai da gwamnati ta hana sayar da shi da bayar da shi da fita da shi ba igiya da takunkumi a ƙarshen 2023, daga Fabrairun 2024 kuma ba mai riƙe shi sai da takardar izini. Ka faɗa wa samarin nan da ke sayo manyan karnukan Turawa daga birni don gayu, su Turawan ma sun ji jiki.

Abin da ya fi tayar min da hankali kuwa nan ba su da shi, mu ke da shi: ciwon haukan kare. Ƙasar nan ta daɗe da raba karnukanta da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin a fili yake. Fuskar yaro daidai bakin kare take, don haka cizon a kai ko wuya yake samunsa, ƙwayar cutar kuma ta jijiya take bi zuwa ƙwaƙwalwa, tafiyar ba nisa. Ga yaro da ɓoye yaƙushi don kada a doke shi. Ciwon yakan yi wata biyu ko uku bai nuna ba, rauni ya warke, kowa ya manta. Ranar da ya nuna, yaro ya fara tsoron ruwa, to sai dai addu'a. Kare irin naka, da ke fita da dare yana cuɗanya da na mafarauta da na daji, ba ka san da wa ya yi faɗa ba.

Saboda haka ko zai kwana ɗaya ne a gidanka, ka nemi malamin dabbobi ya yi masa rigakafi. Daga wata uku ake farawa, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma a ƙasarmu ma ana yin allurar, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos. A ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska, a riƙa kwashe kashinsa, tunda a ƙasa Auta yake wasa yana kai hannu baki. In kuma, Allah Ya kiyaye, kare ya ciji wani ko ya yaƙushe shi, naka ne ko na wani, kada a tsaya shafa toka ko ɗaura gashin karen. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a yi ta wankewa har minti 15, a wuce asibiti ranar, a nemi allurar cizon kare, in babu a kusa a tafi Kano. Karen kuma in ya samu a tsare shi kwana 10 ana lura da shi. Ka karanta wa uwargida wannan sashen sau biyu, ita ce a gida, kai kana majalisa.

Kuma don Allah kada ka doke shi saboda gurnani. An ce ka ɗauko taɓarya, daga nesa dai. Gurnanin nan shi ya ceci Auta, gargaɗi ne. In ka koya masa cewa gurnani na jawo duka, zai daina gargaɗin ya tafi kai tsaye ga cizo. Yaran ma a ja musu kunne: ba a taɓa kare yana ci, ba a tashinsa daga barci, ba a hawa bayansa, ba a jan wutsiya, ba a kusantar karya mai jego, ba a jifa. In baƙon kare ya nufo yaro ya tsaya cak, kada ya ruga. Wannan darasin na ƙarshe kada kai ka koyar, ba ka da shaidar kammalawa.

Yanzu ga ra'ayina. In za ka iya yi masa wurinsa a wajen gida, kusa da turken awaki, da inuwa da ruwa da ƙofa mai rufuwa, a riƙa ba shi abinci can, a sake shi da dare bayan yara sun shiga ɗaki, to ka riƙe abinka, aikin da ka ɗauko shi dominsa yana nan. Sharaɗi ɗaya ne ba sassauci: kada a bar shi da yaro ba babba a wurin, ko na ɗauko gishiri a ɗaki ne. Yayar Auta ba babba ba ce. In ka san ba za ka iya ba, ko hankalin uwargida ba zai kwanta ba, to ka mayar da shi hannun da ya sani. Na ji ka ambaci Kawu na Kiru. A'a. Gidan Kawu jikoki sun fi kaji yawa. Maharbin da ya ba ka shi ya fi dacewa, ko wani cikin mutanensa na Doguwa, masu sanin kare tun kaka da kakanni, waɗanda za su sa shi aikin da jininsa ke so. Ka je da ƙafarka, ka kai shi da katin allurarsa, ka faɗi gaskiya: yana gadin abincinsa, ya yi wa jariri gurnani, kada a haɗa shi da yara. Kada ka yabe shi irin yadda kake yabon shinkafarka a kasuwa. Mun san hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, balle wanda ya yi maka gadi.

Kuɗin allura da na man babur zuwa Doguwa na tura ta hannun ƙanenka, ba ta hannunka ba, don na san ka da tsire. Kada ka ce na yafe kuɗin shara, wannan daban wancan daban. Ka gaishe min da Gwaggo da kyau, ka ce maganin shafawarta yana tafe. Ka gaida uwargida, ka shafa min kan Auta, ka gaida Kawu da mutanen Kiru da na Bebeji baki ɗaya. Ina jiran hoton katin allurar nan kafin Juma'a mai zuwa, in ban gani ba Gwaggo zan kira.

Wassalam.

Ni ne uban gidanka,
Taubashinka na Ingila.