Ƙwallon da Ake Naushi, Alƙali Yana Kallo

To, masu musu na Makarfi, ku ajiye raken nan tukuna. Na san abin da za ku ce: "Malam, yau kuma da wace tatsuniya ka zo?" A Ostireliya akwai ƙwallon ƙafa da ake cafewa da hannu, a ruga da ita, a dunƙule hannu a nausa wa abokin wasa, alƙali yana tsaye bai busa ba. Ita kanta ƙwallon siffar gwanda gare ta. Mutum 18 ne kowane ɓangare. Tun 1859 aka rubuta dokokinta a Melbourne, shekara huɗu kafin mutanen Ingila su zauna su tsara na wadda kuke biyan kuɗi a gidan kallo kuna hana kanku barci a kanta.

Ga wani can yana cewa ai haukan gida ne, ba ya tsallake ruwa. Ya tsallake, yallaɓai. 'Yan Ostireliya da suka je ci-rani Landan sun ƙosa da kewar wasansu, aka kafa gasa a 1989. A 1990 ƙungiyar Wandsworth Demons ta fito, tana wasa a Clapham Common, filin jama'a da kowa ke yawo da karensa. Ba mai ɗaukar albashi. Kowa da sana'arsa, sai Asabar ta zo a sa riga a je a sha ƙasa. Tun ana baƙi zalla har 'yan gari suka shigo, yau har da ƙungiyar mata.

Mutanen Kudan da Hunƙuyi, ku rage dariyar. Ku da kuke jiran a sayar da tumatir kafin a yi karo-karon rigunan ƙungiyar unguwa, kocinku tela, ma'ajinku mai shayi, a cusa mutum ashirin a bayan akori-kura zuwa wasan sada zumunci, me ya raba ku da su? Su dai ba sa tsayar da wasa don akuya ta shigo fili.

Amma 'yan gaban Ikara nake ji wa takaici, don an haife su a inda ba a san darajarsu ba. A can sanduna huɗu ake kafawa, ba raga, ba gola, ba sandar sama. Ka buga ta ratsa tsakiya, ko da ta kai tsayin rimi, maki 6 ne. Ka kuskure ta bi gefe, a ba ka maki 1 na ban-haƙuri. Wannan gwanin naku da ya saba aika ƙwallo gonar dawa, yara su bi ta da gudu, da tuni hotonsa na manne a shagon aski.

Kuma babu satar gida sam. 'Yan bakin fili sai ku nemi wani dalilin da za ku bi alƙali da duwatsu.