Wasiƙa Zuwa Ga Malam Akwati, Mai Zama A Gurbin Haruffa

Bayan tambayar lafiyarka da ta zuriyarka, waɗanda suka bazu a fuskokin kwamfuta da wayoyi tun daga Kano har Damagaram, ina rubuto maka ne a kan wata mas'ala da ta daɗe tana damun masu alƙalami, wato yadda kake zuwa ba sallama, da kusurwoyinka huɗu da cikinka fayau, ka zauna daram a inda ƙ ko ɗ ko ɓ ya kamata ya zauna.

Na bincika asalinka, Allah gafarta Malam, na tarar husumar ta girme ka. A shekarar 1963 mutanen Amurka suka ƙaga wani tsari mai suna ASCII, suka yanka gurabe 128 kacal, suka raba wa haruffansu da lambobinsu da alamominsu, ba su bar wa kowa ko tabarma ba. Da aka faɗaɗa gidan zuwa gurabe 256, sai Faransawa da Jamusawa da mutanen Sifen suka shigar da é da ü da ñ, mu kuwa masu lanƙwasa muka kwana a waje. Sai a 1991 Unicode ya zo da niyyar bai wa kowane harafi na duniya lambarsa, ƙ ya sami U+0199, ƴ na 'yan'uwanmu na Nijar ya sami U+01B4. Amma ko a nan an yi wani rabo mai ban al'ajabi, domin ƙananan ɓ da ɗ an sauke su a unguwar alamomin masana furuci, manyansu kuma a wata unguwa dabam.

To, tunda shari'a ta tabbatar musu da gurbi, me ya kawo ka? Malamai suka ce lambar harafi dabam, surarsa dabam: idan na'ura ta karanta lambar, ta duba kundin zanen haruffan da aka ɗora mata ba ta sami surar ba, sai ta kira ka ka tsaya. Ashe kai shaida ne kawai, kuma, in za a yi adalci, shaida mai gaskiya, domin kana furta jahilcinka a fili, abin da malaman da suka gabata suke ƙirgawa cikin alamun taƙawa. Na fi jin tsoron abokin aikinka, wanda ba ya cewa bai sani ba. Shi wannan, idan an rubuta ƙ da tsarin UTF-8, inda yake cin ma'auni biyu, sai ya karanta su ɗai-ɗai da tsohon tsarin Windows, ya fitar da Æ™, har kalmar ƙasa ta wayi gari ɗauke da tambarin 'yan kasuwa a goshinta, kamar an yi mata rajista a kanti.

Akwai kuma zancen kuɗi, wanda shi ya fi cin ran talaka. Saƙon tes na waya yana ɗaukar harafi 160, kuma é tana cikin waɗanda aka yafe wa; amma da zarar mutum ya saka ƙ guda ɗaya tak, sai saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsari mai ɗaukar 70, a caje shi kuɗin biyu ko uku. Wannan ya sa jama'a suka yi wa kansu fatawa: wani ya rubuta k', wani ya ɗaga babban K a tsakiyar kalma, akasari kuwa suka sauke lanƙwasar baki ɗaya, suka bar mai karatu ya yi ijtihadi ya gane ko baƙin ne suka iso ko bakin.

Saboda haka ba korarka nake yi ba, Malam, ina dai roƙonka wata alfarma. Yanzu wayoyi da yawa sun sami allon rubutun Hausa, dannawa ɗaya mai ɗan tsawo a kan k tana fito da ƙ, uzurin marubuta ya ragu ƙwarai. Waɗanda suka rage su ne masu zana haruffa, musamman na kanun labarai da katunan biki, inda har yau kake fitowa cikin sunan amarya. Ka taimaka ka koma ƙofar gidajensu ka zauna, ka yi ta yi musu sallama har su zana haruffan nan huɗu, manya da ƙanana, takwas ke nan, aikin da bai kai na yini guda ba.

Wassalam. Naka,
Wani almajirin boko.